Guga da Igiya Zuwa Sararin Samaniya

Yau maganar sama za mu yi, amma daga bakin rijiya zan ɗauko ta.

Wanda ya tashi a ƙauyen da ruwa ke da nisa ya san rijiya mai gaba talatin, mai gaba arba'in. Ka leƙa ba ka hango komai sai ɗan ƙyalli can ƙasa. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a irinta ya san ba guga kaɗai yake ja ba. Ita kanta igiyar kaya ce, balle in ta sha ruwa. Shi ya sa a mashayar makiyaya za ka ga an ɗaura wa sa ko raƙumi, yaro na kora shi, sai ya yi tafiya mai nisa kafin wasaki ya leƙo. Kuma in ka lura, ba ko'ina igiyar ke shan wahala daidai ba. Can ƙasa kusa da guga, ruwa kawai take ɗauke da shi. Nan sama kusa da hannun mai ja, tana ɗauke da ruwan, da gugan, da duk sauran jikinta da ke reto a cikin rijiya. Ku ajiye wannan a zuci, don shi ne jigon zancenmu na yau.

Akwai masana da injiniyoyi, a Rasha da Amurka da Japan, da suka shafe fiye da shekara 60 suna lissafin wata dabara: a ɗaura igiya daga doron ƙasa zuwa sararin samaniya, a riƙa hawa da sauka a jikinta da wutar lantarki, kamar liftar da ake shiga a dogon bene. Babu roka, babu harshen wuta, babu rugugi. Na san yanzu wani ya girgiza kai a gaban rediyonsa. Ka ba ni 'yan mintoci, malam, ka ji yadda lissafin yake, sannan ka yanke hukunci.

Mutane da yawa sun ɗauka wahalar zuwa sararin samaniya nisa ne. Alhali kusa yake. A kilomita 100 sama da kanmu masana suka ja layi, suka ce daga nan ya fara. Kilomita 100 bai kai Kano zuwa Zariya ba. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda mutane ke zaune cikinta ba yankewa tun Nuwamban 2000, tana shawagi ne a wajen kilomita 400, kamar Kano zuwa Abuja ke nan in da hanyar a tsaye take. A can ɗin ma ƙasa ba ta daina janyo abu ba. Ƙarfin janta a wurin ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na wanda muke ji a nan. To me ya hana tashar faɗowa?

Gudu. Ka jefa hoge, ya yi ɗan nisa ya faɗi. Ka ƙara ƙarfi, ya ƙara nisa. To duniya mulmulalliya ce kamar lemo. In abu ya yi gudun da ya isa, yana faɗowa ƙasa na lanƙwashewa tana kauce masa, sai ya yi ta faɗuwa bai taɓa ta ba har ya kewayo inda ya fara. Wannan shi ake kira shiga falaki. Gudun da ake buƙata a tsayin tashar kusan kilomita 28,000 ne a awa ɗaya. Cikin minti 90 da 'yan kai take kewaye duniya, kusan sau 16 a kwana guda. Mutanen cikinta da kuke gani a talabijin suna yawo kamar gashin auduga, faɗuwa suke yi, su da ɗakin nasu tare.

Yawancin man da roka ke ƙonawa, wajen neman wannan gudun yake ƙarewa. Kuma roka na da wata larura wadda ayarin gishiri ya san ta tun kaka da kakanni. Ayarin da ke zuwa Bilma yakan ratsa Tenere, inda babu abin kiwo, don haka dole raƙuma su ɗauki ciyawar da za su ci a hanya. Ciyawar nan kaya ce, tana buƙatar raƙumin da zai ɗauke ta, shi ma wannan raƙumin ci zai yi. Haka roka take. Ba ta da inda za ta tsaya shan mai. Man da za ta ƙona a minti na biyar dole ta taso da shi tun daga ƙasa, kuma ɗaukarsa na cin wani man. Rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX tana da nauyin kusan tan 550 lokacin tashi, amma kayan da take iya kaiwa falaki na kusa bai wuce tan 23 ba. Wato cikin buhu 100 da aka ɗora, huɗu ne na mai kaya. Saturn V kuwa, wadda ta kai mutane wata a 1969, ta kusa tan 3,000, kuma abin da ya dawo gida daga cikinta shi ne ɗan ɗakin da mutum uku suka zauna, wanda bai wuce tan 6 ba.

Wanda ya fitar da wannan lissafi na roka, a 1903, wani malamin makaranta ne a garin Kaluga na Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, mutumin da ciwo ya kusan kurmantar tun yana yaro, wanda kuma yawancin iliminsa da kansa ya koyar da kansa. Shi ne kuma, tun a 1895, ya yi tunanin wata hanya dabam. A lokacin ba a daɗe da kammala hasumiyar Eiffel ta birnin Paris ba, mai tsawon mita 300. Sai ya tambayi kansa: in aka yi ta ɗora gini bisa gini, ina za a kai wanda ke tsaye a ƙoli ya daina jin nauyin jikinsa? Lissafi ya ba shi wajen kilomita 36,000.

Wannan wuri kuwa kullum kuna hulɗa da shi. Dubi dish ɗin da ke kan rufin gidanka, ko na gidan kallon ƙwallon unguwarku. Tun ranar da mai gyara ya saita shi ya ɗaure, bai sake motsi ba, sai dai in iska ce ta gusar da shi. Alhali tauraron ɗan'adam ɗin da yake kallo gudu yake yi na kilomita 11,000 a awa. Sirrin shi ne, kowane tsayi da nasa gudun. Na kusa suna kewayowa cikin minti 90, na nesa suna ɗaukar lokaci. A daidai kilomita 35,786 sama da layin ikwaita, layin nan da ya raba duniya kudu da arewa, kewaye ɗaya na ɗaukar kwana guda, daidai da juyawar duniya. Sai tauraron ya zama kamar an kafe shi da ƙusa a sama. A can tauraron sadarwa na Nijeriya, NigComSat-1R, ya samu mazauni bayan an harba shi daga ƙasar Sin a Disamban 2011.

To tunda akwai wuri a sama da ba ya gusawa daga saitin wuri guda a ƙasa, ana iya haɗa su. Hasumiya dai ba za ta yiwu ba, don duk ginin da ya yi tsawon haka, nauyinsa zai murƙushe tushensa. Wanda ya juya tunanin shi ne wani matashin injiniya a Leningrad, Yuri Artsutanov. A 1960 ya rubuta a jaridar Komsomolskaya Pravda cewa a bar maganar ginawa daga ƙasa, a zuro daga sama. A kai tauraro can wurin tsayawa, ya riƙa sako igiya ƙasa kamar yadda gizo-gizo ke saukowa daga rufin ɗaki, yana kuma sakin wata igiyar sama da wani nauyi a ƙarshenta, don kada ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya. Da yake a jaridar yau da kullum ta harshen Rashanci rubutun ya fito, masanan waje ba su ji labarinsa ba. A 1966 wasu Amurkawa huɗu masu binciken teku, mutanen da suka saba zura dogayen wayoyi cikin ruwa mai zurfi, suka gano dabarar da kansu. A 1975 wani injiniyan Amurka, Jerome Pearson, shi ma ya gano ta da kansa, ya yi mata lissafi dalla-dalla. Sai a 1979 marubuci Arthur C. Clarke ya gina ƙagaggen labarinsa The Fountains of Paradise a kanta, daga nan ta shiga bakin jama'a. Ni abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa a tarihin nan shi ne, su masu lissafin ba su ga aikin juna ba, amma duk wuri ɗaya suka ɓulla.

Me zai riƙe igiyar a sama? Tambayar da kowa ke fara yi ke nan, kuma amsarta na hannun yaron da ke korar tsuntsu a gonar gero. In ya sa dutse a majajjawa yana wulwulawa, igiyar miƙewa take yi tsam, alhali babu wanda ya riƙe ɗaya bakin. Juyin ne ke ɗame ta. A nan duniya ce hannun yaron, tana juyawa sau ɗaya kowace rana. Ɓangaren igiyar da ke ƙasa da kilomita 36,000 yana neman faɗowa. Ɓangaren da ke sama da nan, juyi na neman wurga shi waje. In aka sa na saman ya ɗan fi ƙarfi, igiyar za ta tsaya a miƙe, ɗaure a ƙasa, tana jan sama. A yawancin tsare-tsaren da aka yi, tsawonta duka wajen kilomita 100,000 ne, wato ta isa ta naɗe duniya sau biyu da rabi.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Barkanmu da dawowa, masu sauraro. Bari mu ɗauka an gama aikin, mu shiga liftar tare. Ɗaki ne mai tayoyi da ke matse igiyar ta ɓangare biyu, yana hawa da gudun kilomita 200 a awa. Cikin rabin awa kun wuce kilomita 100, sama ta yi baƙi ƙirin da rana tsaka. Awa biyu, kun kai tsayin tashar nan da muka ambata. Amma a nan kana jin nauyinka kusan yadda ka saba, shayi na zaune a kofi, kuma in ka saki wani abu waje, ƙasa zai yo, don ba shi da gudun nan na 28,000. Lissafi ya nuna duk abin da aka saki ƙasa da kilomita 23,000 da ɗoriya, gida zai dawo. Kafin ku kai kilomita 3,000 nauyinku ya ragu da rabi. Daga nan sai doguwar tafiya, duniya na ƙanƙancewa a ƙarƙashinku, har kwana bakwai da rabi, sannan ku iso babbar tasha a can kilomita 36,000, inda nauyi ya ɓace ɗungurungum. In kuka wuce ta sai abu ya juye, rufin ɗaki ya koma daɓe. Kumbon da aka saki daga can ƙarshen igiya kuwa, majajjawar ta isa ta wurga shi wata, ko duniyar Mars, bai ƙona man kirki ba.

Wani zai ce, to gudun nan na kilomita 11,000 da muka tarar a babbar tasha, a ina muka same shi? Tun kana tsaye a ƙasa a kan ikwaita, juyin duniya na tafiya da kai gabas da gudun kilomita 1,670 a awa. Kana hawa, igiyar na ingiza ka gabas kaɗan-kaɗan. Duniya ce ta ɗiba maka daga juyinta, kuma abin da ya ragu a wurinta bai kai a auna ba. Abin da ya rage maka shi ne kuɗin hawa. A lissafin takarda, ɗaga kilo ɗaya tun daga ƙasa har babbar tasha bai kai yunit 14 na wutar lantarki ba, irin yunit ɗin da kuke saya a mita. Ku ce asarar hanya ta ninka shi sau goma ma, sannan ku kwatanta da roka, inda kilo ɗaya ke cin dubban daloli. Dalilin da ya sa mutane masu hankali suka ƙi sakin maganar ke nan.

To yanzu mu koma bakin rijiya, don a nan gizo ke saƙar.

Kowace igiya, in ka rataye ta tana reto, akwai tsawon da za ta kai ta tsinke da nauyin kanta, ko da babu guga a jikinta. Kauri ba ya cetonta, don in ka ninka kauri ka ninka nauyi. Wayar ƙarfe mai kyau ba ta kai kilomita 50. Kevlar, zaren nan da ake saƙa rigar sulken zamani mai tare harsashi, yana kai wajen kilomita 250. Abin da lifta ke buƙata, in igiyar kaurinta ɗaya ne daga sama har ƙasa, ya kusa kilomita 5,000. Bai kai 36,000 ɗin ba, saboda nauyi na raguwa in ana yin sama, amma ku dubi ratar da ke tsakanin 250 da 5,000.

Akwai dabarar rage wannan rata, kuma ita ce darasin rijiyar nan. Tunda wahalar ta fi yawa a wurin mariƙi, sai a yi igiyar kamar bulalar dorina, siririya a ƙasa, tana ƙara kauri har babbar tasha. Sai dai kaurin ba a hankali yake ƙaruwa ba, ninki bisa ninki yake yi. Da ƙarfe, in ka fara da kaurin zaren ɗinki a ƙasa, kafin ka kai tasha igiyar ta fi duniya kanta faɗi. Da Kevlar, sai ta ninka sau miliyoyi. Amma da za a samu abin da ya fi Kevlar ƙarfi sau goma zuwa ashirin a nauyi ɗaya, lissafin sai ya sauko: ninki uku zuwa takwas ya wadatar. Duk maganar lifta a kan wannan abu guda ta rataya.

Shekara da shekaru babu wanda ya riƙe irinsa a hannu. Sai a 1991 wani masani ɗan Japan, Sumio Iijima, na kamfanin NEC, yana duba kunkunniya a ƙarƙashin madubi mai ƙarfi, ya ga wasu 'yan bututu. Da sinadarin kabon aka yi su, sinadarin da ke cikin gawayi da bakin fensir. Ƙwayoyin zarrarsu sun jeru kamar saƙar zuma, sannan sun naɗe kamar tabarma. Sun fi silin gashin kai siranta sau dubun-dubata. In aka ja guda ɗaya mara aibi, ƙarfinsa ya ninka na ƙarfe sau gommai, alhali nauyinsa wajen kashi ɗaya cikin shida ne na ƙarfen. A 2004 kuma, a Jami'ar Manchester ta Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓanɓaro tabarmar a shimfiɗe daga irin abin da ake yin bakin fensir da shi, da salatif kawai suka yi aikin. Ita ake kira girafin, kuma ta jawo musu kyautar Nobel a 2010. A karon farko sai ga abu a hannun ɗan'adam wanda, a lissafi, ya kai ƙarfin da ake nema.

To me ya rage? Iyayenmu mata masu kaɗi za su fi kowa gane wannan. Silin auduga gajere ne, bai kai tsawon yatsa ba. Mazari ne ke murɗe silin su riƙe juna har su zama zare. In ka ja zaren ya tsinke, sau da yawa ba silin ne suka karye ba, zamewa suka yi daga jikin juna. Haka yake faruwa da bututun kabon. Kowane ɗaya ƙaƙƙarfa ne, amma gajeru ne, kuma jikinsu da santsi. In aka kaɗa su aka yi zare, ƙarfin da ake samu ɗan kaɗan ne daga cikin na asali, bai yi wa zaruruwan da ke kasuwa nisan a zo a gani ba. Mafita ita ce a shuka bututun ya yi tsawo da kansa, ba gaɓa. A 2013 masu bincike a Jami'ar Tsinghua ta birnin Beijing suka shuka guda mai santimita 55, kuma babban abu ne a wurin masu wannan fanni. Santimita 55, jama'a, kamu ɗaya da ɗan ƙari. Ana neman kilomita 100,000. Sannan ga aibi: ƙwayar zarra ɗaya ta zauna ba a gurbinta ba, ƙarfin wurin ya ragu, kuma igiya ta inda ta fi rauni take tsinkewa. A gaskiyar magana, duk wanda ya ba ka ranar buɗe lifta kafin ya nuna maka kilomita ɗaya na igiyar, fatansa yake gaya maka.

Sauran sassan aikin sun fi samun ci gaba. Tsakanin 2000 da 2003 hukumar NASA ta ɗauki nauyin binciken wani masani, Bradley Edwards, wanda ya zana abin daga tushe. Shi a tsarinsa igiyar ba mulmulalliya ba ce. Shimfiɗaɗɗen ƙyalle ne mai faɗin kusan mita ɗaya, wanda bai kai takarda kauri ba, don in ɗan tsakuwa ya buge shi ya huda shi kawai, kada ya datse shi. Za a fara sako siririnsa daga sama, sannan ƙananan injina su riƙa hawa suna ƙara masa zare. Wutar da liftar za ta sha kuma daga ƙasa za a haska mata da leza. An gwada wannan ɓangaren. A 2009, a hamadar Kalifoniya, an rataye wayar da ta kusa kilomita ɗaya daga jirgi mai saukar ungulu, wani ƙaramin kamfani mai suna LaserMotive ya hau da injinsa da hasken leza kaɗai, ya ci dala 900,000 a gasar NASA. A gefen wannan gasa akwai wata kyautar da aka ajiye wa wanda zai kawo igiya mai ƙarfi. Ita babu wanda ya ci. A 2012 kuma kamfanin gine-gine na Obayashi, wanda ya gina hasumiyar Tokyo Skytree mai mita 634, ya bayyana burinsa na kafa lifta mai kilomita 96,000 nan da 2050, da ɗaki mai ɗaukar mutum 30.

Ko an samu igiyar, hanyar ba fili ba ce. Tsawa da guguwa ana iya kauce musu da zaɓen wuri. Shi ya sa Edwards ya zaɓi tekun Pasifik, a kan dandamali mai yawo bisa ruwa, inda tsawa ba ta da yawa. Abin da ya fi damuna shi ne cunkoso. Duk tauraron da ke kewaya duniya sai ya tsallaka saman ikwaita sau biyu a kowane zagaye. Yau dubbai ne, ga matattu, ga tarkace. A Fabrairun 2009 tauraron Iridium na Amurka ya yi karo da wani mataccen tauraron Rasha a saman Saiberiya, suka tarwatse suka bar dubban gutsattsari, kowane ɗaya ya fi harsashi gudu. Igiyar kuwa a tsaye take a tsakiyar hanya, dare da rana. Dole a riƙa sanin inda kowane guntu yake, ana gusar da dandamalin don igiyar ta kauce. Sai kuma wani yankin tururi mai illa da ya yi wa duniya ɗamara, wanda aka gano a 1958 aka sa masa sunan James Van Allen. 'Yan sama jannatin da suka je wata sun ratsa shi cikin sa'o'i kaɗan, amma mai hawa lifta kwanaki zai yi a ciki. Don haka in an gina ta, kaya za su daɗe suna hawa kafin a sa mutum.

A gefe guda roka ma ba ta zauna ba. A Disamban 2015 ɓangaren farko na Falcon 9 ya dawo ya sauka a tsaye bayan ya kai kaya, kuma tun daga nan sake amfani da roka ya karya farashi ƙwarai. Wannan ya rage wa masu lifta hujja, babu musu. Amma ko an daina yar da raƙumin bayan tafiya ɗaya, ciyawar nan dai sai ya ɗauka.

Akwai wata magana da nake so mu a Afirka mu sa wa ido tun yanzu. Igiyar a kan ikwaita ko kusa da ita za ta sauka, kuma ikwaita ta ratsa Gabon, da Kwango biyun, da Uganda, da Kenya, da Somaliya. Darajar wannan layi ba sabon abu ba ne. Saboda ita Turai ke harba rokokinta daga Kourou a Kudancin Amurka, saboda ita kuma Italiya ta kafa dandamalin harbi a teku kusa da Malindi ta Kenya, inda aka harba tauraron Uhuru a Disamban 1970. A 1976 ƙasashe takwas da ikwaita ta ratsa suka haɗu a Bogota, cikinsu har da Kenya da Uganda da Kwango biyun, suka ce falakin nan na kilomita 36,000 da ke saman ƙasarsu arzikinsu ne. Manyan ƙasashe suka ƙi, suka kafa hujja da yarjejeniyar 1967 da ta ce babu ƙasar da za ta mallaki sararin samaniya. Maganar ta mutu a nan. To roka kowa na iya ƙera tasa in ya samu hali. Lifta kuwa hanya ce guda, kamar gada ɗaya a kan babban kogi, kuma wanda ya fara gina ta zai iya gina ta biyu da araha ta hanyar ta farkon, ya bar kowa a baya. Ina so a ce ranar da za a zauna tsara dokar wa zai hau, nawa zai biya, akwai 'ya'yanmu a teburin, waɗanda suka san lissafin da kansu. Ɗalibin kimiyyar sinadarai da ke saurarena yanzu, matsalar kaɗin bututun kabon a buɗe take, ba a rubuta sunan kowa a kanta ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi ba ni sha'awa. Akwai wurin da za a iya ɗaura irin wannan igiya da zaren da ake sayarwa a kasuwa yau: wata. Ƙarfin jansa kashi ɗaya cikin shida ne na duniya, ba shi da iska, ba shi da tsawa, ba shi da cunkoson taurari irin namu. Jerome Pearson ya yi wannan lissafin ma tun a 1979. Za a ɗaura igiyar a jikin wata, a miƙo ta wajen duniya, ta wuce wani wuri mai nisan kusan kilomita 60,000 daga watan, inda jan duniya da jan wata da juyinsu ke yin kunnen doki. Daga nan jan duniya ne zai riƙa ɗame ta. Zaruruwa irin su Kevlar da Zylon, a lissafi, sun isa. Abin da ya sa hakan zai yiwu shi ne wata fuska ɗaya yake nuna mana kullum, ba ya juya mana baya. In daren sha huɗu ya zo kuka fito tsakar gida, ku dubi tabon da ke fuskarsa. Tabon nan da kakanninku suka gani ne, a inda suka gan shi. A tsakiyar wannan fuska za a kafa turken.